Kalmomi biyu suka tsinka ni a gaban maigida: wata 3 da manhajar koyon aikatau masu jela

Saƙon layi ɗaya ne tak, ya shigo da hantsin wata Talata daga matar da muke hulɗar aiki da ita a Ingila: "The new range has really taken off." Na karanta, na sake karantawa, gabana ya yanke ya faɗi. A iya sanina "take off" cirewa ne. Da shi aka yaye mu a firamare: cire takalmi, cire hula, tuɓe riga. Saboda haka abin da na fahimta shi ne an janye sababbin kayan daga kasuwa, kayan da muka yi wata 5 muna fama da takardunsu. Ban tsaya wata-wata ba, na miƙe sai ofishin maigidanmu.

"Ranka ya daɗe, akwai matsala," na ce, ina miƙa masa wayar.

Ya karɓa ya duba, ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau. "Malam, albishir aka aiko maka, kai kuma ka zo yi mini jaje?"

Ashe cewa take yi kayan sun karɓu, kasuwarsu ta buɗe, ana rububinsu. Da janye su aka yi, da sai ta rubuta "has been taken off the market". Shekara 17 ina cin abinci da Turanci, ina rubuta wasiƙun da ake yabawa, sai ga kalmomi biyu da ɗan aji uku ya sani sun kayar da ni. Maigida bai ƙara cewa komai ba, ya miƙo mini wayata ya ci gaba da aikinsa. Da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi.

A daren nan na sauke manhajar da zan yi magana a kanta. Ba zan kama sunanta ba, don ba su ba ni kuɗin talla ba, kuma akwai aibobinta da zan faɗa waɗanda ba na so su zama kamar na fito ɓata wa wani kasuwa. Irinta suna da yawa, wanda ya taɓa buɗe ɗaya zai gane inda na dosa. Aikinta ɗaya ne: koyar da abin da Turawa ke kira "phrasal verb", wato aikatau da ake liƙa masa 'yar ƙaramar kalma irin "off" ko "up" ko "out", sai ma'anar ta karkata, wani lokaci ta yi nisan da ba za ka gane inda ta fito ba. Ni na raɗa musu suna aikatau masu jela, domin jelar nan ce ke riƙe da akalar ma'anar.

Abin da ya fara burge ni shi ne rashin haɗama. Na taɓa sayen littafi mai jerin irin waɗannan aikatau daga A har Z, na haddace shafi uku, na ajiye shi, har yau yana nan yana shan ƙura. Wannan manhajar aikatau ɗaya take ba ka a mako. Ɗaya. Da farko na ji haushi, na ce kuɗina za su ci suna ba ni da cokali. Amma a shafin gabatarwa sun kafa hujja da wani bincike na Dee Gardner da Mark Davies da ya fito a 2007, wanda aka yi a kan taskar rubutu da maganganun Turancin Birtaniya mai kalmomi kusan miliyan 100. Abin da suka gano shi ne guda 25 kacal daga cikin waɗannan aikatau sun kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku na duk wuraren da irinsu suka bayyana, guda 100 kuma sun kwashe fiye da rabi. Inda gizo ke saƙar shi ne waɗannan 100 ɗin suna ɗauke da ma'anoni har 559. Ka ga ke nan matsalar ba yawansu ba ce, yawan fuskokinsu ne. Ni ma ai na san "take off". Fuska ɗaya na sani, ta biyu ta zo ta mare ni.

Ana iya zaɓar wanda za a fara da shi, ni kuwa ba sai an tambaye ni ba.

Tsarin makon haka yake. Kowace safiya kati biyu ko uku, kowane kati da ma'ana ɗaya, jimloli uku, da ɗan guntun sauti na mutane suna hira wanda bai wuce daƙiƙa 20 ba. Da yamma gwaji na tambaya 10. Ranar Asabar kuma zama na minti 20 ta bidiyo da malami ɗan Adam, ɗalibai huɗu a aji. Ana biya wata-wata.

Katin farko shi ne abin da na sani, cire abin da ke jiki: takalmi, tabarau, agogo, har kwalliyar fuska. Kishiyarsa "put on". Na yi niyyar wucewa da sauri, sai na ci karo da abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon shekarun nan. Za ka iya cewa "take off your coat", za ka iya cewa "take your coat off", duk daidai ne. Amma da zarar wakilin suna ya maye gurbin rigar, dole ya shiga tsakiya: "take it off". Ba a cewa "take off it". Na koma cikin tsofaffin imel ɗina na bincika, na tarar da "I will send back it" da hannuna na rubuta, har sau biyu, kuma babu wanda ya taɓa gyara mini. Turawa ba sa gyara maka, sai dai su gane daga ina ka fito su yi shiru. Sannan in abin da za a cire dogon bayani ne, a ƙarshe ake ajiye shi, ba a tsakiya ba, don kada mai sauraro ya manta da aikatau kafin jelar ta iso.

Kati na biyu tashin jirgin sama, da tsuntsu, da duk abin da ke barin ƙasa da fiffike. Kishiyarsa "land". Roka ba ta cikin wannan sahun, ita "lift off" aka fi yi mata. Na uku shi ne wanda ya kunyata ni: sana'a ko haja ko waƙa ko sunan mutum ya ɗaukaka farat ɗaya. A ƙasan katin akwai 'yar ƙaramar nasiha cewa hoton jirgin ne aka aro, abu ya daɗe yana gangarawa a ƙasa sai kwatsam ya ɗaga. Har masana tattalin arziki sun ari hoton: Walt Rostow na Amurka, a 1960, ya kasa bunƙasar ƙasashe mataki biyar, ya kira na ukun "take-off". Na huɗu mutum ya tashi ya tafi babu sallama, ko ya ranta a na kare: "He saw the police and took off." Na biyar ɗaukar hutu, "I'm taking Monday off", inda galibi ranar ce ke shiga tsakiya. Daga nan sai ƙanana suka biyo: rage wani kaso daga farashi, koci ya fitar da ɗan wasa bayan hutun rabin lokaci, likita ya tsayar maka da wani magani, gidan talabijin ya dakatar da shiri. Zuwa Juma'a kaina ya cika, ma'anonin suna ta cakuɗewa.

Ba manhajar ce ta warware mini su ba, 'yata ce, wadda ke aji biyar na sakandare. Ta same ni da dare ina ta gunaguni a kan cewa wannan harshe ba shi da tsari, kalma ɗaya ta zama cirewa, ta zama tashi, ta zama hutu.

"Abba, to ai mu ma haka muke yi wa masu koyon Hausa," ta ce. "Ka ɗauki ci. An ci amana, an ci jarrabawa, an ci bashi, an ci gaba, an ci karo, wuta ta ci, kasuwa ta ci. Wanne ne aka tauna a ciki?"

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Sai na ɗauki takarda na ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya na rubuta "cire", ɗaya gefen na rubuta "tashi". Na bi katunan ɗaya bayan ɗaya. Takalmi, cire. Ɗan wasa, cire. Kaso daga farashi, cire. Magani, cire. Ranar Litinin ma cire ta ka yi daga kwanakin aiki. Jirgi kuwa tashi, tsuntsu tashi, wanda ya ga 'yan sanda tashi, hajar da ta karɓu ita ma tashi ta yi. Sai na ga abin da ya raba gidajen biyu: duk inda akwai karɓau, wato wani abu da aikin ya faɗa wa, dangin cire ne. Duk inda aikatau ya tsaya shi kaɗai ba ya ɗauke da komai, dangin tashi ne. Saƙon matar nan babu abin da aka ce an ɗauke, babu kuma "been" da za ta nuna wani ne ya yi wa kayan aikin. Kayan da kansu suka yi, wato tashi suka yi. Wannan layin da na ja da biro ya fi mini dukkan katunan makon amfani, kuma ina ganin gazawa ce a ce manhajar da ba ta da wani aiki sai wannan ba ta ja shi da kanta ba. Ta jera ma'anoni kamar 'yan haya a gida ɗaya, ba ta gaya maka wa ya haifi wa ba.

Ma'ana ɗaya ce ta ƙi shiga layi da sauƙi: kwaikwayon mutum don ban dariya, muryarsa ko tafiyarsa. "She takes off the boss perfectly." Tana da karɓau, don haka na tura ta gidan cire, na ce wa kaina kamar ka ciro kamannin mutum ne ka ɗora a jikinka. A katin nan ne na sami abin da ya fi komai faranta mini rai a manhajar, 'yan bayanan tarihi da suke saƙalawa a ƙasa da ƙananan haruffa. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya yi kukan irin waɗannan aikatau, ya ce sun fi yawa a Turanci watakila fiye da kowane harshe, kuma su ne suka fi wahalar da baƙi. Cikin misalan da ya jero har da "take off", da ma'anar kwafa. Wato wannan da nake gani bare ita ce tsohuwar 'yar gida, ta riga jirgin sama zuwa duniya da shekara kusan 150. Sunan "phrasal verb" kansa ya yaɗu ne ta littafin da marubuci Logan Pearsall Smith ya fitar a 1925, wanda ya ce daga Henry Bradley, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamusun Oxford, ya samo shi. Na ji sanyi a raina da na ga tun shekara 270 da suka wuce mai harshen da kansa ya san yana ba mu wahala.

Wani katin ya bayyana mini dalilin da ya sa irina, waɗanda suka koyi Turanci daga littafi, muke tuntuɓe a nan. "Take" daga harshen mutanen Arewacin Turai ta shigo, 'yan Viking, masu cewa "taka". "Remove" kuwa ta hanyar Faransanci ta biyo, cikin ambaliyar kalmomin da suka kwararo bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Tun daga nan harshen ya zama mai hawa biyu. Takardar asibiti za ta ce "remove", likitan da ke tsaye gabanka zai ce "take off". Mu hawan sama aka koya mana: "postpone", "tolerate", "extinguish". Su kuwa a bakinsu "put off" ne, da "put up with", da "put out". Shi ya sa sai ka ga mutum ya iya rubuta takardar koke mai shafi huɗu babu kuskure, amma a zauna hira ana dariya shi yana murmushin yaƙe.

Zaman Asabar shi ne ainihin abin da nake biya wa kuɗi. Malamarmu wata dattijuwa ce daga Sikotilan, ta yi ritaya daga koyarwa, kullum da kofi a hannu da kyanwa tana giftawa a bayanta. Abokan ajina ma'aikaciyar jinya daga Filifin, injiniya daga Turkiyya, da wani saurayi daga Barazil da ke shirin jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS. Ba ta karanta mana komai. Takan jefo hali ne ta ce ka yi magana. Ni ta ce in ɗauka ina filin jirgi, an jinkirta tafiya, in kira wanda zai tarbe ni in yi masa bayani. Na buɗe baki na ce "The departure of the aircraft has been postponed." Ta ajiye kofin, ta ce jimlar ba ta da aibi ko ɗaya, sai dai ɗan'uwana zai zaci lasifikar filin jirgin ce ta kira shi. Ta sa na maimaita "We haven't taken off yet" har sau biyar, tana buga tebur da yatsa a kan "off", domin a nan nauyin murya yake sauka in aikatau ne. In suna ne, "takeoff", nauyin ya koma gaba, kan "take". Wannan kunne ne ke koyonsa, ido ba ya gani a kati.

A wannan zaman ne injiniyan ya tambaya ko ruɗanin irin wannan kalma ya taɓa jawo abin da ya wuce kunya. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ba mu labarin Tenerife, wanda daga baya na je na karanta da kaina. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke wannan tsibiri na Sifaniya, jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na kamfanin Pan Am, suna kan titi ɗaya cikin hazo mai kauri, ba sa ganin juna, hasumiyar da ke ba jirage umarni ma ba ta ganinsu. Mataimakin matuƙin KLM ya ce wa hasumiya "We are now at takeoff". Jami'in hasumiyar ya ɗauka nufinsa sun tsaya a wurin tashi suna jiran izini, alhali jirgin ya riga ya fara gudu. Ya amsa da "OK", ya ƙara da cewa su dakata zai kira su, amma daidai lokacin matuƙan Pan Am suka yi magana a rediyo, muryoyin biyu suka haɗu suka zama ƙara, gargaɗin bai isa kunnen waɗanda ake yi wa ba. Mutum 583 suka rasu, kuma har yau babu hatsarin jirgin sama da ya kai shi yawan rayuka. Dalilan suna da yawa, ba kalma kaɗai ba ce, ita ma ta nanata haka. Amma bayan nan aka ƙarfafa ƙa'ida: tsakanin matuƙi da hasumiya ba a furta "takeoff" sai lokacin da ake ba da izinin tashi na haƙiƙa ko ake soke shi. A duk sauran magana "departure" ake cewa. Ajin ya yi tsit. Kyanwar ce kawai ta yi motsi.

To, yanzu aibobi, kuma ba kaɗan ba ne.

Gwajin yamma wasan yara ne. Za a ba ka jimlar jirgi a ce ka cike gurbi, zaɓin kuwa "took off", "took under", "took between". Ko wanda bai taɓa buɗe katin ba zai ci. Na yi mako uku ina samun 10 bisa 10, wayar tana watso mini taurari, alhali ranar Asabar in an ce in yi magana harshena ya sarƙe. Gwajin kirki shi ne wanda zai haɗa ka da "took off" da "took out" da "took away" da "was taken off", 'yan'uwan da ke kama da juna, ya bar ka ka yi gumi. Makin da ba a sha wahalarsa ba yaudara ce, kuma ina zargin da gangan aka sauƙaƙa don kada mai biya ya karaya ya gudu.

Sai maɓallin fassara. Suna alfahari da cewa za ka iya ganin kowace jimla a harshenka, har da Hausa. Na danna da murna. Inji ne ya yi fassarar, kuma injin irin cutar da ta kama ni ce ta kama shi: fuska ɗaya ya sani. Ya ce mini "Jirgin zai cire da ƙarfe 6." Ya ce "Sana'arta ta cire bayan shekara biyu." Wanda ya ga 'yan sanda kuwa "ya gan su ya cire". 'Yata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kwana biyu duk wanda zai fita daga gida sai ta ce zai cire. Abin dariya ne gare mu, amma ka tuna wanda ya zo da ƙaramin Turanci ya dogara da wannan maɓallin. Manhajar da aka gina don ta raba ka da wannan kuskuren ita ce ke ɗura maka shi da harshenka. Na rubuta musu, aka amsa da godiya irin wadda ake aika wa kowa, har yau jirgin yana nan yana cirewa.

Ba sa kuma nuna wace ma'ana ta wace ƙasa ce. Ma'anar kwaikwayon nan ta Birtaniya ce, ba a faɗa a katin ba. Na ɗauke ta da zumuɗi na gwada a kan wani abokin aiki Ba'amurke a waya, na ce wani yaron ofishinmu ya iya "taking off" maigida. Ya yi jim, ya tambaye ni ina yake kai shi. Malamar ce daga baya ta ce da Ba'amurke gara in ce "do an impression of". Layi ɗaya a ƙasan kati da ya wadatar. Haka nan ba sa bambanta maganar hira da ta takarda. "He took off" da ma'anar ya tafi maganar baki ce, ba abin da za ka sa a rahoton aiki ba ne, amma a katin an jera ta kafaɗa da kafaɗa da tashin jirgi kamar matsayinsu ɗaya.

Sautin ma biyu ne. Wasu katunan muryar mutane ce ta gaskiya, da tuntuɓen harshe da dariya da haɗiye kalma, inda za ka ji "take it off" ta dunƙule ta zama kamar kalma ɗaya. Waɗannan zinariya ne. Sauran kuwa muryar inji ce mai karanta kowace kalma da nauyi ɗaya, ba ta san bambancin suna da aikatau ba, wato tana rushe abin da dattijuwar ta gina da yatsanta a kan tebur. Kuma ba a iya sauke sautin a ajiye, in babu intanet sai dai ka kalli katin shiru.

Naci kuwa, sai ka ce mai bin bashi. Sanarwa da safe, sanarwa da rana, in ka kai dare ba ka buɗe ba sai a aiko maka da hoton fuska tana hawaye. Suna ƙirga maka kwanakin da ka jera ba fashi. Na kai 41, zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu, na tashi na tarar an mayar da ni sifili, a ƙasa kuma ga tayin in biya a dawo mini da lissafina. A sayar mini da kwanakin da ni na yi! Ranar na shiga saituna na kashe duk wata sanarwa, kuma tun daga nan na fi jin daɗin karatun. A can cikin saitunan ne ma na gano cewa kuɗin wata yana sabunta kansa ba tare da an tambaye ka ba, maɓallin kashewar kuma an ɓoye shi a bayan shafi uku. Duk wanda zai shiga, ya fara da nan kafin ya buɗe katin farko.

Wa za ta yi wa amfani? Ba ɗan koyo na farko ba, shi ruwan zai sha kansa, ga kuma maɓallin fassarar nan yana jiransa. Ta dace da irina: wanda yake karanta jarida ya gane, yake rubuta wasiƙa ta fita tsaf, amma in an yi masa magana ta yau da kullum sai ya kama kalmomin duka ya rasa zancen. Shi ma da sharaɗin ba zai yi fashin Asabar ba. Ma'anonin da ke katunan, in gaskiya za a bi, duk suna cikin ƙamusun masu koyo da ake buɗewa kyauta a intanet. Abin da ƙamus ba zai yi maka ba shi ne ya hana ka gaggawa, ya tsare ka mako guda a kan abu ɗaya, sannan ya zaunar da kai gaban mutum mai kunne.

Zuwa yanzu na yi aikatau 12. "Go off" ya ba ni ciwon kai na daban, domin in an faɗe shi a kan fitila mutuwa ta yi, in an faɗe shi a kan ƙararrawa kuwa kaɗawa ta fara. "Make up" ya zo da ƙirƙirar ƙarya da sulhu da kwalliya a buhu ɗaya. Kowanne na ja masa layinsa a takarda, takardun suna cikin aljihun jakata. Na sake biyan wata ɗaya, da hannuna wannan karon, saboda malamar ta ce dangin "get" ne ke tafe, kuma ta gargaɗe mu cewa su mako ɗaya ba ya isarsu.

Shekaranjiya matar nan ta sake aiko da saƙo, ta ce "I'm taking next week off", in akwai abin gaggawa in nemi mataimakinta. Na yi mata fatan hutu lafiya, na tura wa maigida don ya sani. Can da la'asar ya leƙo ƙofar ofishina, tabarau a kan hanci.

"Malam, wannan karon janye ta aka yi daga kasuwa, ko tashi ta yi?"

"Mako ɗaya ta cire, ranka ya daɗe," na ce. "Litinin ta sama za ta dawo."